Layin Biro a Wuyan Shanuna

Ku da kuka cika mini waya da tambayar ko na haƙura da Badaruddeen, to ku gyara zama. Ban haƙura ba, shi ma bai haƙura ba, amma makon nan na ga abin da ya ishe ni kallo. Sababbin shigowa kuma, sannunku da zuwa. Sunana Lubna, a Dutsin-Ma aka yanke mini cibiya, a nan kuma nake karatun zane a kwaleji. Badar ɗan Kurfi ne, yana da shagon maganin dabbobi a bakin kasuwa, shi ne auta a ɗakinsu, mahaifinsa kuma malami ne da ake ɗaukar karatu a zaurensa. Maganarmu ta kai inda manya za su shigo, abu guda ya rage, amincewar mahaifiyarsa. In Hajiya ta ce to, kawunnansa su zo gaisuwa. In ta ce a'a, shi ke nan, don Badar ba zai tsallake maganar uwa ba, ni ma kuma ba na son mijin da zai iya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wani mai tsawon baki ya riga ya kai mata labari cewa yarinyar da ɗanta ke nema gumaka take zanawa. Gumaka fa, jama'a. Ni da ko 'yar tsana ban damu da ita ba ina ƙarama.

Bari in gaya muku ainihin abin da nake zanawa. A bangon ɗakin aikinmu akwai wani tsohon zanen fenti da wani malamin sashen ya bari tun kafin a haife ni. Bakin ruwa ne da la'asar sakaliya. Ga wata mata da ƙwarya a ka, ga dattijo da malafa ya dogara sanda, ga fararen shanu sun sunkuya suna sha, da ɗan maraƙi a gefe. Malam Sodangi, mai koya mana zanen haske da inuwa, ya ce kowa ya kwaikwayo shi a babban kwali da gawayi zalla. Ba launi, kuma ba layi. Wannan aikin shi ne jarrabawarmu, a cikinsa kuma za a zaɓi waɗanda za a kai baje koli Katsina.

Malam Sodangi gajere ne, ba ka raba hannun kaftaninsa da baƙin gawayi, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar layi. In ya kama ka kana zagaye saniya da fensir sai ya tsaya a kanka ya tambaye ka ko ka taɓa ganin saniyar da aka ɗinke gefenta da baƙin zare. Ya fara sa mu yin tsani mai hawa biyar, daga farin kwali, zuwa toka mai haske, toka, toka mai duhu, har baƙi ƙirin. Ya ce duk abin da ido ke gani yana zaune a ɗaya daga cikin hawan nan. Sannan ya koya mana ƙanƙance ido. In ka ƙanƙance ido, ƙananan abubuwa sai su gudu, a bar ka da inda haske ya kwanta da inda duhu ya taru. Daga nan sai ka shafe kwalinka gaba ɗaya da garin gawayi da auduga ya zama toka, ka ɗauki kilina, wato robar goge rubutu, ka dinga ciro hasken daga ciki.

Na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Shanuna na farko buhunan gari ne masu ƙaho. Umma ta leƙa ta ce wannan akuyar kumburin ciki take yi, a ba ta kanwa. Abin da na kasa yarda da shi shi ne farar saniya ba fara ba ce. Doron tozo da tsinin ƙaho ne kaɗai farin kwali, cikinta kuwa ya fi goshin matar duhu. Ranar da na daina gardama na bi abin da idona ya gani, sai ga saniya ta taso daga cikin toka tana shan ruwa. Na yi tsalle a tsakar gida har ɗankwalina ya faɗi.

Kada ku ɗauka Umma ba ta son aikina. Ita ke yanko mini ƙiraren dalbejiya ta jera a gwangwanin madara, ta huda murfin, ta tura cikin murhu bayan ta sauke tuwo. Gawayin da take yi mini ya fi na kanti laushi, har 'yan ajinmu na roƙo. Tsoro ne kawai ya shige ta, tun ranar da saƙon Badar ya shigo.

"Hajiya za ta zo barkar haihuwa unguwarku ran Asabar. Ta ce za ta biyo ta gaida Umma. Kin dai gane."

Na rubuta masa cewa na gane. Ya turo mini 'yar fuskar nan mai dariya da hawaye, ya ce in kwantar da hankalina in dama fura mai kyau, don Hajiya a ruga ta tashi wajen Birchi, a bakin ludayi take auna mutum.

Daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. An sauke labule an wanke, an canza ledar tsakar ɗaki, an fito da kwanonin da ba a taɓawa sai da salla, turaren wuta kuwa har kajinmu sun ɗauki ƙamshi. Umma ta bi ni da lallashi in kai kwalin gidan maƙwabta in ɓoye, in Hajiya ta tambaya a ce zanen furanni da na atamfa nake koyo. Na ce ba zan fara zama da mutane da ƙarya ba, in za ta ƙi ni ta ƙi ni tana ganin abin da nake yi. Umma ta ce bakina ya girmi shekaruna. Na ce gado na yi. Ta jefe ni da mafici.

Ran Alhamis na dawo daga makaranta da yamma, na cire hijabi na rataye, na nufi inda na jingine kwalin. Ya kusa kammala, goge-goge kaɗan suka rage, ran Litinin za a miƙa. Sai na ga an yaye zanen da na rufe shi da shi.

An ja layi a wuyan kowa. Matar, dattijon, shanun ɗaya bayan ɗaya, har ɗan maraƙin bai tsira ba. Layin biro, an danna shi sosai, daga wannan gefen wuya zuwa wancan.

Duk wanda ya yi firamare ko Islamiyya a ƙasar nan ya san layin nan. In ka zana mai rai sai a ce ka yanke masa wuya, don kada ya zama cikakkiyar sura. Ni ba malama ba ce, na san dai malamai sun yi maganganu a kai, kuma mu ma mun ja shi a littattafanmu muna yara. Amma a kan aikin da na yi makonni ina ciro haskensa da bakin kilina? Na zauna a ƙasa ina kallonsa.

Umma ta shigo tana goge hannu da gefen zane, fuskarta a sake, irin ta wanda ya sauke nauyi.

"Na yanka miki su," ta ce. "Yanzu ko Hajiya ta gani ba ta da ta cewa. Baƙin biro ma na nemo, don ya dace da aikinki."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na ce mata biro ba ya goguwa, kuma Malam Sodangi ko layin fensir bai yafe ba balle wannan. Sai na ga jikinta ya yi sanyi. Ta ɗauko kilina da sauri ta durƙusa za ta goge, na riƙe hannunta, don in ta goga gawayin ne zai tafi ya bar biron tsirara. Muka zauna a gaban kwalin, ni ina kuka, ita tana cewa ba ta sani ba, don ni ta yi. Na san don ni ta yi, abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ni da wanda zan yi wa fushi.

To da yake fushi ba ya rasa masauki, sai na sauke shi a kan Badar. Na ɗauki hoton kwalin na tura masa, na rubuta a ƙasa cewa ga abin da sonsa ya jawo mini. Ya kira na katse. Ya sake kira na sake katsewa. Na zuba wa wayar ido ina ganin alamar yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba, kamar mai haɗa wasiƙar neman aiki.

"Ban taɓa cewa ki bar zane ba, kuma ba zan ce ba. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce na san abin da Hajiya za ta yanke ba."

Amsar ta ba ni haushi, ta kuma kwantar mini da hankali. Ku mata kun san yadda abin yake.

Ran Juma'a da safe na naɗe kwalin a tsohon zanen Umma na tari napep zuwa makaranta. Malam Sodangi ya daɗe yana kallo, hannunsa a haɓa, sannan ya yi 'yar dariya ya ce kusan duk shekara sai an kawo masa yankakken aiki, shi ma kakarsa ta taɓa yanka masa doki. Ya ce lokacin sabon kwali ya wuce. Abin da zan iya shi ne in binne layin a cikin baƙar inuwa har ya ɓace, don duhu ba ya nuna kansa sai in haske ne maƙwabcinsa. Amma wuyan shanun a cikin rana yake, in na cika shi da baƙi na kashe la'asar ɗin gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa shi haske da inuwa zai duba, in na ƙara wani ɗan abu da babu a na bango ba zai hana ni maki ba, muddin rana ta faɗo masa ta inda ta faɗo wa sauran. Ya miƙo mini kwalina ya ce in je in yi tunani.

A hanyar dawowa tunanin ya ƙi zuwa. In na binne layin, na ɓata aikin, na kuma warware abin da Umma ta yi don ta kare ni, Hajiya ta zo ta tarar da wuyan kowa lafiya lau. In na bar shi, na faɗi jarrabawa. Muna cikin tafiya mai napep ya taka birki, wani mutum na tsallaka titi da farin sa a baya, yana janye da shi. Rana ta bugi wuyan san sosai. Saboda sabo, sai na ƙanƙance ido.

Igiyar da ke wuyansa tana da haske a sama, toka a tsakiya, a ƙarƙashinta kuma, daidai inda ta danne fata, ga wani siririn baƙin layi ya zagaye wuyan. Baƙi ƙirin, hawa na biyar. Layin Umma ne sak, ba ragi. Na kusa dukan kafaɗar mai napep don murna, Allah ya taimake ni na tuna ni 'yar mutunci ce.

Bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyarmu na fara. Na fere kilina da reza ya yi tsini, na dinga ciro igiya a saman kowane layi, murɗi bayan murɗi, haske ta ɓangaren da rana take, toka ta ɗaya ɓangaren. Biron ya koma inuwar igiya. Dattijon na saukar masa da igiyar malafa ta bi ta kan nasa layin. Matar kuma na jera mata duwatsun wuya, biron ya zama zaren da aka shirya su a kai, ana ganinsa tsakanin dutse da dutse. Umma ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, tana fere mini gawayi tana miƙo mini. Can ta ce manyan duwatsu a tsakiya ake sa su, ƙanana su bi gefe, haka nata na aure suke. Na gyara.

Da safiyar Asabar na ƙarasa. Umma ta sunkuya ta duba, ta tambaye ni ko layin nata yana nan. Na ce yana nan, ko ɗaya ban ɓatar ba. Ta ce to alhamdu lillahi, ta juya da sauri wai za ta duba nono.

Na yi wanka na sa atamfata ruwan ganye mai zanen ganga, ɗinkin riga da zane, na ɗaura kallabi na yafa farin mayafi. Kwalli kawai na sa da man leɓe. Abin da ya gagare ni shi ne farcena. Na goga lemon tsami, na goga toka, baƙin gawayin ya ce yana nan daram.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Badar ya zauna a ciki, Hajiya ta yi sallama ta shigo. Doguwa ce siririya, fara, da 'yar tsaga a gefen baki, cikin hijabi ruwan toka har ƙasa, carbi a hannu. Suka gaisa da Umma gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Kurfi, aka tambayi damina, aka yi barka da mai jego. Ni kuma na shigo da ƙwaryar fura na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta juya ludayin, ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Sai na ji idonta a kan yatsuna.

"Ke ce mai zanen?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ɗauko shi in gani."

Umma ta kalle ni, na kalle ta. Na tashi na ɗauko kwalin na jingine shi a jikin kujera, inda hasken ƙofa ke faɗowa. Hajiya ta ajiye ludayi ta matso. Wuya ta fara dubawa, na lura da ita sarai. Ta bi shanun da ɗan yatsa ba tare da ta taɓa ba, ta tsaya a ƙarƙashin igiya, ta matsa kan dattijon, ta zo kan duwatsun matar. Ta tambayi wa ya ja layin, Umma ta ce ita ce. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce ta ga an yanka. Na yi hamdala a zuci.

Amma ba ta koma mazauninta ba. Ta ci gaba da kallon matar mai ƙwarya. Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta waiwaya ta roƙi Umma ruwan alwala, mai ɗan ɗumi in da hali, saboda sanyin ƙafa. Umma ta fita hura wuta, aka bar ni da ita.

Ta buɗe jakarta ta ciro wani hankici a ƙulle, ta kwance shi a hankali. Ɗan hoto ne ƙarami, irin na fasfo na da, gefensa ya cinye, fuskar da ke ciki ta koɗe ta zama dabbare-dabbare. Ta ce mahaifiyarta ce, Inna, kuma duk duniya wannan ne kaɗai hotonta. Ta ce duk shekara ƙara gushewa yake. An kai wa masu hoto a Katsina, suka faɗaɗa shi ya fito kamar hayaƙi.

"In na rufe ido yanzu, muryarta nake ji," ta ce. "Fuskar ba ta zuwa."

Na karɓa da hannu biyu. Da buɗaɗɗen ido babu komai sai tabo. Na juya shi wajen haske na ƙanƙance ido, kamar yadda aka koya mini. Sai ga goshi ya fito da haskensa, ga inuwa a ƙarƙashin kunci, ga duhun da ke tsakanin ido da hanci, ga inda kallabi ya sauko. Ƙananan abubuwan ne suka tafi, haske da inuwar suna nan inda mai hoto ya bar su.

"Tana nan, Hajiya," na ce. "Ba ta tafi ba."

"Za ki iya fiddo ta?"

"Da yardar Allah zan iya."

Ta share ido da bakin hijabi. Ta ce in sa mata duwatsu irin na wannan matar, da layin a ciki, don Inna ma mai son duwatsu ce. Ta ce kuma maganar ta tsaya tsakaninmu, maigidanta Malam bai san tana ajiye da hoton ba, ko autanta bai sani ba, ita za ta san ranar da za ta gaya musu da bakinta. Muna jin takun Umma ta damƙe hannuna da hoton a ciki, na tura shi cikin mayafi.

Ta yi alwala ta yi la'asar a ɗakin Umma. Da za ta tafi, a bakin zaure, ta ce wa Umma a gaida maigida, a kuma shaida masa kawunnan yaron na nan tafe, su za su sa rana da kansu. Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, furar ta yi." Umma ta riƙe bango. Ni kuwa na rufe fuska na ruga ciki, na faɗa kan katifa ina dariya ina hawaye kamar 'yar fuskar nan ta waya.

Kafin magariba saƙon Badar ya shigo. Ya ce me na yi wa Hajiya, tun da suka bar Dutsin-Ma har suka shiga Kurfi take share ido, kuma ta ce masa ya riƙe ni da kyau. Na rubuta masa cewa fura ce. Ya ce bai yarda ba. Na ce to ya tambayi mahaifiyarsa, ni ba na shiga tsakanin ɗa da uwa.

Kwalin shanuna na miƙa shi ran Litinin, Malam Sodangi ya ƙanƙance ido ya dube shi ya ajiye a gefen dama, ban dai san me gefen dama ke nufi ba tukuna. Malam na Kurfi kuma har yanzu bai san abin da ke cikin mayafina ba. Amma yau da hantsi na shafe sabon kwali da toka, na jingine ɗan hoton a jikin kofi, na fara ciro hasken goshin Inna da bakin kilina. Da na sauko kan hanci sai hannuna ya tsaya. Na san hancin nan, jama'a. Shi ne ya zauna a mota a ƙofar gidanmu ran Asabar yana jiran hukunci.